Saura Kaɗan Da Taurarin Da Ke Tsartar Da Wuta

Shagona na yankan makulli da shagonsa na fenti bango ɗaya ya raba su, bangon ma na katako, don haka duk abin da zan faɗa a kansa ko na gani da idona ko na jiyo ta tsagar katako. Sunan da mahaifinsa ya raɗa masa yana nan a katin shaidarsa, amma a layinmu babu mai kiransa da shi. Saura Kaɗan muke ce masa. Ka kawo masa allo ya rubuta sunan shagonka, ka dawo bayan sati, zai ce saura kaɗan. Ka dawo bayan wata, allon na jingine ya ba ka baya, zai ce saura kaɗan. Ranar da matarsa ta haifi ɗansu na fari aka aiko kiransa, abin da ya faɗa wa ɗan aiken ke nan ba tare da ya ɗago kai ba. Shi kuwa ɗan aike ya koma ya shaida wa mata cewa maigidan ya ce haihuwar saura kaɗan, alhali jariri na kwance har an yi masa wanka.

Dogo ne siriri, wuyansa kamar mariƙin lema, farcensa bai taɓa kwana da kala ɗaya ba. Wajen wani mai rubutun manyan motoci ya koyi sana'ar, daga baya ya koma allunan shaguna. Hannunsa na da kyau, wannan ko maƙiyinsa ba ya musu. Cutarsa ɗaya ce: wuta. Ban taɓa ganin mutumin da ke son zana wuta kamarsa ba. Mai sayar da gas ya karɓi allonsa da murna, haka mai walda. Amma mai sayar da ƙanƙara ya zo ya tarar da harsunan wuta na lasar ƙanƙararsa ta ƙasa, da ya yi magana Saura Kaɗan ya ce ai don masu wucewa su tuna zafin da ake yi ne su saya. Wata makarantar ƙananan yara ya zana wa buɗaɗɗen littafi yana ci bal-bal, ya ce hasken ilimi ne. Ni kaina makullin da ke saman ƙofata wuta ke fita daga haƙoransa, har gobe ana zuwa tambayata ko ina narka ƙarfe.

Da injin buga allon roba ya shigo gari, kasuwarsa ta ja baya. Sai ya wuni a kan benci yana wanke buroshin da bai ɓata ba, yana zagin injin, wai abin da rana ke shanyewa kafin damina ta zagayo shi ne mutane ke rububi. Gidan kuwa matarsa ce ta riƙe shi da cinikin zare da maɓallai. Duk layin Gwaggo muke ce mata, har waɗanda suka girme ta. Gajera ce mai jiki, ba ta da yawan magana, kuma abin da yake tsoro a wurinta ke nan. Faɗa yana iya ɗauka, shirunta ne ke hana shi cin abinci.

Wata safiya wata mata ta zo a yanka mata makullin ofis. Ina cikin goge haƙoran makullin ta leƙa shagon maƙwabcina, ta tsaya tana kallon wani tsohon allon mai walda da ba a zo karɓa ba.

"Baba, kai ka zana tartsatsin nan?"

"In ba ni ba wa? Inji ai bai san tartsatsi ba, bai taɓa ƙonewa ba."

Ta ce ita malama ce a jami'a, sashen fiziks, taurari take nazari. An yi wa gininsu sabon fenti, akwai wani dogon farin bango a barandar ciki, tana so a zana mata abin da take bincike a kai, da hannu, ba da inji ba. Tun daga kalmar nan ta ƙarshe ya goge mata benci da hularsa, ya fara ce mata Dakta.

"Tauraro ba wuya," ya ce. "Tsini biyar, rawayar kala, an gama."

Ta yi dariya ta zauna. Ta ce nata taurarin biyu ne, suna zagaya juna. Ɗaya babbar tsohuwar tauraruwa ce ja, ta kumbura har iskar jikinta na zubewa. Ɗayan fari ne ƙarami, farin wada ake ce masa, amma nauyi gare shi da ƙarfin ja kamar me. Shi ke janyo iskar da babbar ke zubarwa, ta yi ta juyawa a kewayensa kamar ruwa a bakin rariya. Wani ɓangare ya faɗa masa, wani kuma ya tsartu waje ta gefe biyu, siririya, da gudun da ba a misaltawa.

"Kamar mai tsartar da yawu ta wushirya," ya ce.

"Kusan haka, amma ta gaba da baya a lokaci guda."

"Allah Ya kyauta."

Ta ce inda tsartuwar ta ci karo da iskar da ke gabanta, wurin kan yi zafin da ya ninka na fuskar rana nesa ba kusa ba, sai ya riƙa fitar da hasken eksire, irin wanda ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti. Iskar duniyarmu ba ta barin hasken ya sauko, shi ya sa na'urar hangensa can sama take yawo a kumbo. Ta ciro waya ta nuna masa hoton. Na bar makullin na leƙo ni ma. Baƙin fili ne da wasu 'yan ɗigo-ɗigo shuɗaye masu kusurwa, kamar kaza ta taka tawada ta bi ta kan takarda.

"Dakta, wayarki ta sha ruwa."

"Lafiyarta lau. Hoton ke nan, kuma sai da na yi shekaru ina neman a juya mini na'urar ta kalli wurin. Hasken ɗis-ɗis yake isowa, kamar yoyon rufi a bokiti."

"To shi shuɗi ne ke nan."

"Ba shi da kalar da ido ke gani. Mu muka zaɓa masa shuɗi."

Ya ajiye buroshin da ke hannunsa. "Wato ƙarya kuka shirya."

"Alama ce, Baba. Kamar yadda ake sa wa famfon ruwan zafi ja."

"Ni dai ban taɓa zana abin da ban gani ba."

Na ce, "Zakin da ka zana wa mai sayar da siminti fa?"

"Na ga kyanwa," ya ce, ko kallona bai yi ba.

Ya karɓi aikin, amma maganar kalar ta tsaya masa a rai. Wuta ce wadda bai taɓa gani ba, a duniyar da yake ganin babu wutar da bai sani ba. Kwana kaɗan bayan nan ya fara wani tari na ƙarya, busasshe, wanda ba ya zuwa sai ya ga mutum. Ya ce in raka shi asibiti. A hanya ya gaya mini dabarar: tunda a can ake ajiye hasken, zai je ya kalle shi ido da ido.

Likita ya saurari ƙirjinsa, ya tambayi sana'arsa, da ya ji shekarun da ya yi yana shaƙar fenti ya tura shi ɗakin hoto. Ni a waje na zauna, amma ƙofar ba ta hana ni ji ba. Mai hoton ƙashin wani bawan Allah ne da gajiya ta cinye wa murya. Ya manna masa ƙirji a jikin allo, na'urar na bayansa, ya ce ya ja numfashi ya riƙe, kada ya motsa. Sai na ji shiru, sai na ji, "Baba, wa ya ce ka waiwayo?" Aka sake tsayar da shi. Can na ji, "Mene ne wannan a hannunka?" Ashe ɗan madubin aski ya ɓoye a ƙugunsa, yana so ya hango bayansa. Aka karɓe madubin, aka ce in ya sake motsi sai dai ya tafi da tarinsa gida. Da ya fito na ce me ya gani.

"Ba komai. Wani ɗan ƙara dai na ji, ƙit. Matar nan gaskiya ta faɗa."

Da a nan abin ya tsaya da an rabu lafiya. Amma labarin zuwansa asibiti ya riga mu komawa layi, kafin a kira mu wurin likita sai ga Gwaggo da mayafinta a karkace. Ta zauna kusa da shi. Likita ya ɗaga hoton a gaban fitila, ya ce huhu fes yake, a gode wa Allah. Sai ya nuna wani wuri da biro.

"Sai dai haƙarƙarin nan biyu sun taɓa karyewa, tuntuni, sun ɗinke da kansu. Faɗuwa ka yi daga sama?"

Shekaru da dama kafin nan, Saura Kaɗan ya yi wani rubutu a goshin wani bene, ya dawo gida yana tafiya kamar an sa masa sanda a riga. Ya kwanta makonni yana cewa zazzaɓi ne ya shiga ƙashinsa. Gwaggo ta rufe cinikinta ta yi jinyarsa, ta tambaye shi ko faɗowa ya yi, ya ce shi da tsani ai sai dai tsani ya faɗo shi yana tsaye. Ni ma sai ranar nan a gaban likita na san gaskiya.

"Likita," ya ce a hankali, "zazzaɓi ba ya karya haƙarƙari?"

"Ban taɓa gani ba."

"Akwai mai tsanani."

Gwaggo ta yi wa likita godiya, ta tashi. Washegari da hantsi ta zo shagona ta zaɓi kwaɗo mafi girma da sarƙa. Ta sa aka ɗauke tsanin daga shagon mijinta aka kai gida, ta ɗaure shi a jikin ginshiƙin baranda, ta rataye makullin a wuyanta. Sannan ta dawo ta tsaya a ƙofata.

"Mai Makulli, in na ji an yanka wa wannan kwaɗon ɗan'uwa, na san hannun da ya yanka."

Na ce Gwaggo ko a mafarki.

Ranar fara aiki na bi su jami'a, don Dakta ta samo mini aikin canza makullan ofisoshin sashensu. Gwaggo ma ta biyo mu, da 'yar kujerarta da jakar maɓallanta. Bangon ya kai tsayin mutum biyu. A zanen da Dakta ta yi a takarda, taurarin na tsakiya, tsartuwa ɗaya ta yi sama har rufi, ɗayar ta yi ƙasa. Saura Kaɗan ya kalli takarda, ya kalli rufi, ya fara sosa wuya. Gwaggo ce ta yi magana.

"'Yata, ƙafarsa ba za ta bar ƙasa ba."

"Akwai tsanin ƙarfe mai kyau a sito, Gwaggo, ga masu riƙewa."

"A'a."

"Tebur fa?"

"Ko bulo."

Dakta ta sake duban takardar. Can sai ta juya ta a kwance. Ta ce a sararin samaniya babu sama babu ƙasa, mu ne ke tsaye muke ganin haka, don haka tsartuwar na iya bin tsawon bango maimakon tsayinsa.

"To madalla," in ji Gwaggo, tana buɗe kujerarta. "Ashe wuri ne mai hankali."

Jar tauraruwar da ya zana, ban taɓa ganin aikinsa da ya kai ta ba. Girmanta kamar tayar babbar mota, tsakiyarta kamar garwashi, gefenta na narkewa a hankali cikin baƙin da ya shafe bangon da shi. Ɗalibai kan rage tafiya in sun zo wurin. A kan farin wadan aka yi ciniki. Dakta ta ce ɗigo ɗaya ya isa, shi ma an yi masa alfarma. Saura Kaɗan ya ce shi ba a ɗauko shi daga shago don ya yi ɗigo ba, ya zana shi kamar lemo. Aka yi ta ja, har Gwaggo ta zaro maɓallin riga daga jaka ta miƙa, ta ce a auna da wannan kowa ya huta. Tsartuwar kuma sau biyu Dakta na kama shi yana lanƙwasa mata harsuna irin na wutar kara, tana sa shi ya shafe. Ya ce wuta ba harshe ai kamar shayi ba sukari ne. Ta ce wannan miƙe take tafiya kamar ruwan tiyo. Ya shafe yana gunaguni.

Gwaggo na zaune tana jera maɓallai a kwali, amma kunnenta na wurin. Wata rana Dakta ta zo wucewa ta tsayar da ita.

"Wai wannan ɗan mitsitsin shi ke cin wannan baiwar Allah?"

"Shi ne, Gwaggo."

"Ya ci kuma ya tofar a gabanta?"

"Abin da ya fi ƙarfin cikinsa ne yake fita."

"Ba shi da tarbiyya."

Dakta ta ce ai ko ba shi babbar zubar da iskar take yi, tsufa ne ya kama ta. Kuma shi ƙaramin da take gani, a da shi ma ƙato ne ja kamarta, ya ƙone ya ƙare, abin da ya rage ke nan. Gwaggo ta daɗe tana kallon ɗigon.

"Ashe tsoho ne. To a bar shi ya ci."

Rikicin ya samo asali ne daga tambaya ɗaya. Dakta na sauri za ta shiga aji, washegari kuma za ta yi tafiya taron masana a wata ƙasa, Saura Kaɗan ya tare ta ya ce wutar nan a ina za ta tsaya. Ta ce, tana tafiya tana waiwaye, in da za a bi gaskiya, taurarin na wannan girman, tsartuwar sai ta wuce ƙofar jami'a. Ita labari ta ba shi don ya sha mamaki. Shi kuwa umarni ya ji.

Ta gefen hagu bai yi nisa ba ya ci karo da taga, dole ya tsaya. Ta gefen dama kuwa Allah Ya hore bango. Shuɗiyar wuta ta bar taurari ta kama hanya, daidai tsayin kafaɗarsa. Ta ratsa allon sanarwa, ta haye ƙofar babban aji, ta bi ta bayan tukunyar kashe gobara, wadda ya sauke da ladabi ya mayar. Ta sha kwana. Ta wuce banɗakin mata, inda ya yi aikin idonsa a ƙasa yana ta sallama. Kullum da safe Gwaggo kan matsar da kujerarta gaba kaɗan. Ɗalibai suka mayar da abin wasa, suna zuwa duba inda aka kwana, wasu na kawo masa ruwan sanyi. Na ce masa anya Dakta haka take nufi? Ya ce in tsaya a makullina, shi da ita sun yi magana ta ilimi.

Bayan kwanar nan ginin ba na fiziks ba ne, na sashen kemistiri ne, kuma shugabansu wani Farfesa ne mai kwat da ƙaramin gemu wanda ko gaisuwa sai ya duba agogo yake amsawa. Ofishinsa na can dab da ƙuryar baranda. Ya buɗe ƙofa da rana zai fita, ya tarar da dogon mutum tsaye da buroshi a daidai hancinsa, rabin ƙofar ya koma baƙi da shuɗi.

"Malam, me kake yi a ƙofata?"

"Wucewa nake, ranka ya daɗe."

"Wa ya ba ka izini?"

"Tauraro ne ya tsarto daga can, ni binsa kawai nake."

"Wane tauraro?"

"Farin wada. In ka bi layin nan za ka same shi, ka sha kwana ɗaya."

Farfesa ya cire gilashi ya goge ya mayar. "Yaushe za ka gama wannan ɓarnar?"

"Saura kaɗan."

Aka kira masu gadi. Suka zo da kulake, suka tarar da tsoho da gwangwanin fenti da tsohuwa na jera maɓallai, suka rasa wanda za su kama. Gwaggo ta lura maɓallin aljihun babbansu ya fita, ta ce ya matso, ta ɗinka masa a tsaye. Daga nan maganar kamu ta mutu. Aka dai tsayar da aikin, wutar ta tsaya cak a tsakiyar ƙofar Farfesa, aka ce a jira mai taurarin ta dawo.

Ina nan ranar da ta dawo. Ta shigo da jakar tafiyarta, ta tsaya gaban jar tauraruwa ta yi murmushi. Sai ta bi shuɗin layin da ido, murmushin na raguwa. Ta bi shi da ƙafa, tana jan jaka, ta sha kwana. Da ta kai ƙarshe ta zauna a matakala ta rufe fuska da hannu biyu, kafaɗunta na rawa. Saura Kaɗan ya tsorata, ya ce ko kalar ce ba ta yi ba. Da ta ɗago sai muka ga dariya ce har da hawaye.

"Baba, laifina ne. Ni na ce ƙofar jami'a."

"Ai ban kai ba tukuna," ya ce.

Farfesa ya kai ƙara, aka kafa kwamiti, kwamiti ya yi abin da kwamiti ya saba, wato ya sa ranar zama ya ɗaga. Kafin su zauna mutane sun saba da layin. Sabon ɗalibi ya tambayi babban aji, a ce bi shuɗiyar wuta. Baƙo ya tambayi banɗaki, a ce bi wuta ka sha kwana. Ofishin Farfesa kuwa, wanda a da baƙinsa kan yi ta yawo har su haƙura su koma, ya zama wurin da ya fi ko'ina sauƙin kwatance: inda wuta ta ƙare. Na ji da kunnena yana faɗa wa wani a waya haka.

Ranar da kwamiti ya zauna, ƙarar ta canza kama. Farfesa ya ce shi ba ya neman a shafe, abin da bai yarda da shi ba shi ne wariya. Me ya sa wutar ke da haske a ɓangaren fiziks, ta iso kemistiri a dushe kamar tsohon zane? Dakta ta ce haka abin yake, tana nisa tana raguwa. Ya ce wannan bayani ne na 'yan fiziks. Ta yi ɗan tunani ta ce, gaskiya akwai wuraren da tsartuwar ke karo da iska mai kauri ta yi wani dunƙule mai haske, kuma a hotonta akwai irinsa can wajen ƙarshe. Aka rubuta cewa a yi wa ƙofar Farfesa dunƙule. Saura Kaɗan ya yi shi da zuciya ɗaya, fari a tsakiya, shuɗi a gefe, ya saci 'yan harsuna guda biyu ƙanana ya sa, Dakta ta gani ta kau da kai.

Daga nan kasuwarsa ta ɗan farfaɗo. Makarantu suka riƙa kiransa ya zana musu rana da duniyoyinta a bango, daidai inda hannunsa ke kaiwa, abin da ya yi wa yara daɗi don a tsayinsu abin yake. A shago kuwa ya zama malami. Duk wanda ya zauna a bencinsa sai ya ji labarin farin wada, da ƙarin gishirin da Dakta ba ta sani ba, har da cewa shi da kansa ya taɓa shiga cikin hasken ya fito.

Bayan wasu shekaru Dakta ta sake zuwa layinmu, furfura ta fara fito mata a goshi. An sake juya mata na'urar, ta samu sabon hoto. Ta ajiye masa tsohon da sabon a kan benci. A idona duk tawadar kaza ce, amma ta nuna mana da yatsa: dunƙulen nan mai haske ya matsa gaba, ya ƙara nisa da taurarin. Ta ce abin da take jira ta gani ke nan tun farko, don da shi za ta auna gudun tsartuwar.

"To yanzu bangon ya zama ƙarya," in ji Saura Kaɗan.

"Ya zama tsohon labari dai. Sai ka zo ka matsar da shi."

Suka auna, suka ga dunƙulen zai bar ƙofar Farfesa ya koma ƙofar da ke gaba da ita, wani ɗan ɗaki da ake tara karyayyun kujeru. Farfesa ya ce bai yarda ba, a kawo masa hujja. Dakta ta kai masa hotunan da lissafinta. Ya kwana biyu da su, ya dawo da su ya ce lissafin daidai ne, amma bai ji daɗinsa ba. Ranar hutun ƙarshen mako da safe Saura Kaɗan ya je ya shafe dunƙulen, ya sake shi a ƙofar ɗakin kujeru, Gwaggo na zaune a gefe tana cewa ya yi ƙasa ta hagu.

Ba a rufa wata ba aka kira ni jami'a in canza makullai biyu. Na tarar ana fitar da karyayyun kujeru, ana shigar da teburin Farfesa da littattafansa cikin ɗan ɗakin, wanda bai kai rabin tsohon ofishinsa ba. Yana tsaye yana nuna inda za a sa kabad. Ban tambaye shi komai ba, shi ya ce mini ɗakin ya fi samun iska. Taga ɗaya ce a ciki, ita ma bango take kallo.

Ina ɗaura kwaɗon ƙofar Dakta ta zo wucewa, ya kira ta ya rage murya.

"Dakta, abin nan zai sake matsawa?"

"Yana tafiya ko yanzu, Farfesa."

Ya leƙa baranda. Bayan ɗakin babu sauran ƙofa, sai matakalar da ke sauka zuwa wurin ajiye motoci. Ya daɗe yana kallonta, sannan ya ce mini in yanka makullin guda ɗaya kawai, ba sai na yi masa na ajiya ba.